Katakon kwamfuta ba ya numfashi

Mu da muka koyi aikin kafinta a zamanin fensir a bayan kunne, zanen kujera a ka yake zaune. Maigida ya yagi takardar buhun siminti, ya ja layi huɗu ko biyar, ya rubuta inci kaza, sauran kuwa sai ka tsinta daga kallon hannunsa. Yanzu yaran shagonmu sai sun gina gado sukutum a kwamfuta kafin zarto ya taɓa falanki. Tsarata da yawa suna ganin wannan wasan yara ne. Ni na zauna kusa da su na duba da kyau, ban ga wasa ba.

Manhajar da suka fi riƙewa ita ce SketchUp. Wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fito da ita a 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan ta koma hannun Trimble a 2012. Sauƙinta ne ya ja su: ka zana murabba'i, ka jawo shi sama, ya zama ƙafar tebur mai tsawo da faɗi da kauri. Ka juya ta ka ga bayanta, ka leƙa ƙarƙashinta. In ka gaya wa manhajar ƙafafun nan huɗu abu ɗaya ne, duk gyaran da ka yi wa guda sai ya bi sauran. Masu son zurfi suna zuwa Fusion ta kamfanin Autodesk, inda ake rubuta kaurin katako sau ɗaya, kowane rami da kowane harshe ya ɗauki awonsa daga nan.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne wajen haɗi. Ƙafar tebur tana karɓar sanduna biyu, ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, kowacce da harshenta da zai shiga rami. A cikin ƙafar harsunan nan sukan yi karo, kuma ido ba ya ganin wurin. A da sai an fafe ramin, an buga, an ji ya ƙi shiga, sannan a gane. Yanzu yaro yana mai da ƙafar kamar gilashi, ya ga inda suka haɗu, ya rage tsawon ɗaya ko ya yanke bakinsu a karkace. Na shafe shekaru ina ƙoƙarin bayyana wa almajirai wannan da baki, ga shi allo ya nuna musu cikin minti guda.

Ga kuma rigimar kayan ɗaki. Uwar amarya ta ce, "Malam, sif ɗin nan ba haka na ce ba." Kai kuma ka rantse haka ta ce. Yau ana tura mata hoton a waya, ta ga ƙofa uku ce ko huɗu, ta ga inda madubi zai zauna, ta amince kafin a je 'Yan Katako a Na'ibawa. A kwamfutar ma ana iya jera gutsattsarin katakon a kan filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, ka san faifai nawa za ka saya. A tsadar nan ta yau, ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Sai dai katakon da ke cikin allo miƙaƙƙe ne, busasshe, ba gaɓa, ba tsaga, kuma yadda ka bar shi haka zai kwana har abada. Namu ba haka yake ba. Yawancinsa daga kudu ake loda shi, da danshin daji a jikinsa, ya iso Kano ya tarar da hunturu. Madaci ko loko, duk suna shan ruwa daga iska da damina su kumbura, su tsuke da rani. Kuma motsin a faɗi yake, a tsawo kusan babu. Saman tebur mai faɗin ƙafa 2 yana iya tsukewa fiye da rabin santimita tsakanin Agusta da Fabrairu. In ka ɗaure shi tamau da gam da ƙusa ta kowane gefe, a hoto ya yi kyau, amma wata rana da tsakar dare masu gida za su ji ƙara, su wayi gari da tsaga a tsakiya. Manhaja ba za ta yi maka gargaɗi ba, domin a wajenta zanen daidai yake.

Shi ya sa nake tsayawa a bayan yaro in yana zana ƙofar sif. "Baba, ai ya zauna cif," in ji shi. Na ce cif ɗin nan ne matsalar, ɗana. Allon tsakiya a kwarmi zai zauna ba gam, ka bar masa 'yar sarari ta kowane gefe ya yi motsinsa. Ramin sukurun da ke riƙe saman tebur ka yi shi mai tsawo, kada ya zama zagaye. Durowa da aka haɗa da hunturu ka sassauta mata, in ba haka ba damina na sauka za ta ƙi fita.

Awo ma haka. Filawud da ake ce wa milimita 18 sau da yawa bai kai ba, falankin inci guda in an goge shi ya ragu, bakin zarton inji kuma yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka. Saboda haka a shagona ba a fara zanen ƙarshe sai katako ya iso. A jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska, a goge, a sa tef a auna kaurinsa na gaskiya, sannan a buɗe kwamfuta a rubuta lambar da aka samu.