Baya Ɗaya, Goyo Biyu

Wata goma sha biyar ne tsakanin 'ya'yanmu biyu. Namijin, wanda ba ma kiran sunansa saboda alkunyar ɗan fari, ya zo duniya a watan Janairu na 2023, macen kuma ta biyo shi a watan Afrilu na 2024, mako guda bayan ƙaramar Salla. Duk wanda ya tashi a Suki ko Mai Wurno ko ƙauyukanmu na Jazira ya san sunan wannan lissafi: gwanne, wasu su ce kwanika. Ya kuma san yadda ake furta kalmar, ƙasa-ƙasa, da taɓe baki. Ranar suna ubansu yana waje kan tabarma yana karɓar barka, abokai na yi masa kirarin namijin duniya. Uwarsu tana ɗaki bakin angarib, mata na shiga suna fita, kowace ta ajiye abin da ta kawo ta ɗora habaici a kai. Wata ta ce ashe amarya gaggawa take yi. Mu biyu muka yi abin, mutum ɗaya aka yi wa gori.

Ba za mu zalunci tsofaffinmu ba. Gorin gwanne shinge ne da suka kafa a zamanin da babu ƙwaya babu allura, sai kunya. Mace ta haihu ta tafi gida wanka, ta yi arba'in, sau da yawa ta zarce, yaro ya sha nono har kusan shekara biyu, wato wa'adin da Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau shawararta ke nan: a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Kakanninmu ba su karanta takardar kowa ba, amma sun binne yara da yawa, kuma sun lura da waɗanda suka fi binnewa. Aibin shingen shi ne, da zarar an riga an tsallake shi sai ya koma bulala, kuma wadda ake duka ba ta da wani tunani sai yadda za ta rufe bakin mutane da sauri.

Hanyar rufe bakin kuwa ita ce yaye. Yaron yana wata takwas cikin ya bayyana, nan take aka ce a cire shi daga nono kada ya sha ciki. Dayar unguwarmu, wadda ta karɓi haihuwarsa, ta ce a bar shi ya ci gaba da sha, a ƙara wa uwar abinci, nonon mai ciki ba guba ba ne. Wani malami da muka tuntuɓa ya tuna mana abin da ya zo a Sahihu Muslim game da gila, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar hanawa, sannan ya fasa da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Duk mun ji. Amma Habboba, mahaifiyar ubansu, ta ce ita ba a gidanta ba, kuma a gidanmu idan ta yi magana an gama. Aka daka ganyen darbejiya aka shafa. Kwana uku yana tsala kuka har muryarsa ta dushe, uwarsa na wani ɗakin ta toshe kunne da mayafi, rigarta jiƙe da nonon da aka hana shi.

A nan dole mu faɗi alherin tsohuwar, Allah Ya jiƙanta. Ita da ta raba shi da nono ita ta ɗauke shi baki ɗaya, kamar yadda al'ada ta ɗora wa kaka. A bayanta yake wuni, a shimfiɗarta yake kwana. Tana da akuya mai shayarwa, kullum da safe sai ta tatsa ta tafasa masa. Tana dama masa kunun gyaɗa mai kauri, idan masunta sun hauro daga bakin bahar ta sayi kifi ta zare ƙaya da yatsunta ta murmusa masa. Ba ta taɓa haɗa shi kwano da kowa ba. Wata uku ya yi a hannunta yana ƙiba, har muka fara cewa ashe daya ce ta tsorata mu a banza. Ba mu gane ba a lokacin cewa yayen gargajiya ƙafa biyu gare shi, cirewa da riƙo, kuma mu mun dogara ne kan tsohuwa ɗaya da akuya ɗaya.

A watan Disamba na 2023 yaƙi ya ci Madani. 'Yan uwa suka yi ta sauka, gidan da ke ciyar da mutum bakwai ya koma ciyar da fiye da ashirin. Farashin komai ya tashi, aka sayar da akuyar aka sayi dawa. Cikin azumi Habboba ta kwanta, ba ta tashi ba. Daga ranar yaron ya shiga kwanon yara, shi da 'yan shekara biyar da bakwai da tara, gaban kisra da miyar busasshiyar kuɓewa. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli kwanon yara ya san babu mugunta a ciki, sauri ne kawai. Kafin ɗan wata goma sha huɗu ya kai loma biyu baki, an suɗe.

Sai jaririya ta zo, hankalin gida ya koma kanta. Ba mu rage wa mai jego komai ba gwargwadon hali: ruwan wanka safe da yamma, kunun kanwa irin na iyayenmu, madidar hulba irin ta maƙwabtanmu. Jaririya kuwa abincinta na jikin uwarta. Shi ne ya zama ba na kowa ba. Idan ya rarrafo ya kama zanen uwarsa yana neman hawa cinya, sai a janye shi a ce, kai babba ne, bar wa ƙanwarka. Yaron da haƙoransa ba su gama fitowa ba muka naɗa masa girma. Da farko ya yi rigima, ya yi cizo, ya taɓa jan ƙafar jaririyar har sai da aka make masa hannu. Daga baya ya daina. Ya bar ƙoƙarin tafiyar da ya fara, ya koma zama wuri ɗaya a gindin bango, ba kuka ba wasa. Muka ce ya yi hankali. Fuskarsa ta cika, baƙi suna cewa tubarkalla ya yi kumatu, mu kuma muna amsawa da jin daɗi. Cikin duk abin da ya faru, wannan jin daɗin ne ya fi hana mu barci har yau.

A ƙarshen Yuni na 2024 Sinja ta faɗi, a watan Yuli abin ya iso Suki. Muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka muka nufi gabas, wajen Gadarif, tsakiyar damina. Kun san ƙasarmu idan ta sha ruwa, baƙar laka ce mai riƙe ƙafa, karo ba ya tafiya, mota ba ta motsi, ga kogin Dindir da na Rahad a gaba. Gidan ya watse tun a daren farko, kowa ya bi nasa. Uwarsu ta goya jaririyar, ta ɗora ƙunshi a ka. Baya ɗaya Allah Ya ba ta. Ubansu ya saɓa yaron a kafaɗa, amma mai tafiya cikin laka yana buƙatar hannuwansa, sau biyu suna faɗuwa tare. Wata dattijuwa da ba mu sani ba, Bahausa daga wani ƙauyen gaba da mu, ta tsaya ta dube shi ta ce, “Ɗana, kwance rawanin nan, duƙa.” Ya ce, “Inna, a baya?” Ta ce, “To a ina? Kunyar wa kake ji a dajin nan?” Ta ɗora masa yaron, ta zagaya rawanin ta ƙarƙashin hammata, ta ɗaure tamau a ƙirji, ta ƙara da ɗankwalinta a matsayin majanyi. Ba mu sake ganinta ba.

Kwana huɗu yaron ya yi a wannan baya. A nan ubansa ya san abin da bai sani ba wata da watanni suna gida ɗaya. Ya ji ƙasusuwan ƙirjinsa suna gugar bayansa, ya ji hannuwan da ke rataye a wuyansa kamar sillen kara, alhali ƙafafun da ke lilo a kwiɓinsa sun yi suntum suna sheƙi. Ya ga gashin ya yi ja ya yi laushi, yana tsinkewa a jikin rawani. Mu maza da mata mun raba aikin gida tun kaka da kakanni ta yadda uba zai iya ciyar da ɗa shekara guda bai san nauyinsa ba.

A wani wurin duba yara a Gadarif, wata ma'aikaciya ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta ƙirga uku, ta ɗaga, gurbin ya zauna bai ciko ba. Ta zagaya masa tsirin awo a damtse, wanda ke nuna ja idan bai kai santimita 11.5 ba. Ta dubi jaririyar, ɓul-ɓul da ita, ta dubi yayanta, ta tambayi watannin da ke tsakaninsu. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Aka kwantar da shi kwanaki ana ba shi wata madara kaɗan-kaɗan har kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yaron ya fito, rabin wanda muke gani. Bayan nan aka koma ba shi maƙulashen gyaɗar nan na cikin leda, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Masana'antar Samil da ke yin sa a Hartum ta ƙone tun watan Mayu na 2023, saboda haka kowace leda daga nesa ta zo, ana ƙirga ta. Mu da muka tashi muna tugar gyaɗa a hawashar mashru'in Suki, muka tsaya a layi muna jiran gyaɗa daga ƙetare. A watan Agusta aka shelanta ɓarkewar kwalara, muka ƙara da tafasa kowane kurɓi.

Cutar tana da suna, mu tamowa muke cewa, likitoci kuma kwashiyoko. Kalmar ta mutanen Ga ce na bakin tekun Gana. Wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ita ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935, bayan ta ga yaran da aka yaye kan kunun masara zalla suna kumbura suna mutuwa. Ma'anarta a bakin masu harshen ita ce ciwon yaron da aka tuɓe daga nono saboda zuwan ƙaninsa. Matan Akara da matan Sakkwato abu ɗaya suka gani, waɗancan suka raɗa wa ciwon suna, namu suka ce shan ciki. Inda muka kauce shi ne da muka ɗora laifin kan nonon, alhali laifin yana cikin kwanon da ya maye gurbinsa.

A daren zaman jinya mun yi ta tunanin waɗanda suka kawo mu ƙasar nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin wannan kogi, wasu dubbai kuma suka biyo hanyar hajji a ƙasa, suna yada zango su yi noma shekara ɗaya ko biyu su tashi. An yi ciki a hanyar nan, an haihu, an yi gwanne babu shakka. Da muna jin labarin muna mamakin ƙarfin ƙafarsu. Yanzu bayansu muke tunani. Ayari suke tafiya, da kishiyoyi da gwaggonni da 'yan mata, duk yaron da aka sauke daga wani baya akwai wani bayan da zai hau. Mu mun fita mu huɗu.

An karɓe Suki a watan Oktoba na 2024, mu ba mu koma ba sai bayan girbi. Gidan babu ƙofofi, ɗakin Habboba rufinsa ya rufta. Kafin mu gyara komai mun tafi wurin daya mu biyu, ƙafa da ƙafa, muka yi maganar tazara, abin da ya sa matan da ke zaune a tsakar gidanta suka rufe baki da mayafi suna dariya. Wata maƙwabciyarmu tana da ciki yanzu, ɗanta na wata goma. An fara yi mata abin da aka saba. Uwar yaranmu ta shiga wurinta ta ce, “Yaya, kada ki cire shi,” ta kuma kai mata ƙaramin kwano na silba, ta ce wannan nasa ne shi kaɗai, wani babba ya zauna gabansa har ya cinye. Surukarta ba ta ji daɗi ba, kuma har yanzu ba a gama maganar ba.

Namu yaron yana tafiya, yana gudu ma, ko da yake sa'o'insa sun fi shi tsawo, ƙanwarsa kuma ta kusa kamo shi, har baƙi na tambaya ko tagwaye ne. Suna faɗa kan komai, kan cokali, kan cinyar uwarsu, kan wanda zai fara shiga baho. Da yamma idan ubansu ya dawo daga hawasha, yaron yakan jawo tsohon rawanin nan daga kan igiya ya zo ya tsaya a bayansa yana jira ya duƙa. Ita ma ta koyi zuwa ta tsaya, sai a yi ta rigimar wa zai fara hawa.