Kakana da Gammon Yaƙin Bama

A gidanmu, kamar gidaje da yawa na ƙasar Kano, akwai tsohon da ya je yaƙin Bama. Namu kakana ne na wajen uba. Na riske shi da sauran ƙarfinsa, dogo, baƙi, ba ya rabuwa da hula ko a cikin ɗaki. Da la'asar yakan zauna a zaure kan buzu, mu jikoki mu kewaye shi da tsokana, ya kira mu ragwaye, mu ce masa tsoho mai ran ƙarfe. In yana cikin nishaɗi sai ya daka mana tsawar fareti, mu ƙame, mu sara masa, ya yi ta dariya har da tari. Labarin yaƙin kansa kuwa ba ya bayarwa, don haka muka ƙago namu. Mu ne muka ce shi kaɗai ya kori Japanawa daga wani tsauni, mu ne kuma muka ce harsashi ba ya cinsa saboda layar da limamin garinmu ya ba shi.

Bayan rasuwarsa adakarsa ta koma hannun mahaifina, daga baya ta zo hannuna. A cikinta akwai lambobin yabo uku, da ɗan littafin sallama daga soja wanda bangonsa ya yi laushi, da ƙunshin rasitan haraji da aka ɗaure da zare, da wani ƙyalle mai zanen māsu biyu a gicciye ta cikin wani abu mai kewaye. Na fara da lambobin, ina zaton zan ga sunansa a bayansu. Ashe Ingila ba ta buga suna a lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da ta raba ba, har da tauraron Bama. Littafin sallamar ne ya yi magana. Yana ɗauke da lambarsa ta soja, da tsayinsa, da bayanin tsagen da ke fuskarsa, da dangwalen babban yatsansa.

Sunan da ke ciki ya ba ni aiki. A garinmu da sunan mahaifinsa ake haɗa nasa, amma a soja sai aka manna masa Kano. Haka akawun soja suka saba yi wa 'yan Arewa: sunan yanka, sai sunan babban garin da mutum ya ambata, ko da ƙauyensa tafiyar yini biyu ce daga can. Wanda ya duba sunayen da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta adana, musamman na dandalin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, zai ga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya suna ta maimaituwa a matsayin sunan uba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwanta a can, danginsu ba za su gane su ba ko an karanta musu sunan, sai fa in sun riƙe lambar.

Da lambar kakana na nufi Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma Kenneth Dike ne ya assasa aikin a Ibadan a 1954. A reshen Kaduna ake samun takardun lardunan Arewa, fayil-fayil masu tambarin KANOPROF da ZARPROF da SNP. Har yau ina jin ƙamshin tsohuwar takardar nan, da nauyin shirun ɗakin karatu, da yadda ma'aikaci zai ajiye maka fayil ya ce ka buɗe a hankali. Daga nan nakan wuce Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, in duba abin da aka rubuta a kan zamanin.

Sunan kakana bai fito a takardun lardi ba, amma zamaninsa ya fito sarai. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka shiga abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, ana tura mutane haƙar kuza a Jos ala tilas, a daidai lokacin da ake neman samari don soja. Umarni yakan sauko daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, shi kuma dagaci ya dubi gidan da ke da samari fiye da ɗaya. A nan na gane dalilin da ya sa ake cewa wan kakana ya tafi kuza a shekarar da shi ya tafi soja.

Ƙyallen nan kuma tambarin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ne. 'Yar'uwarta, Runduna ta 81 da aka kafa a 1943, gizo-gizo ne tambarinta. Abin da ke tsakiyar māsun ta 82 kuwa gammo ne, gammon nan da ake ɗora wa kai a ɗauki kaya. Dazukan Arakan ba su da hanyar mota, ga tsaunuka, ga koguna, ga ruwan sama. Jiragen sama ke jefo abinci da harsashi, mutane su kwashe a ka su bi bayan mayaƙa. Saboda haka rundunonin biyu suka tafi da dubban 'yan ɗaukar kaya, sojoji ne masu lamba da kaki, amma akasarinsu adda ce makaminsu. Rukunin da aka rubuta a littafin kakana na waɗannan ne.

Da na san rundunarsa sai hanyarsa ta buɗe. Sun isa Indiya a 1944, suka shiga Arakan a ƙarshen shekarar, suka bi ta kogin Kalapanzin, suka haɗu da Runduna ta 81 aka kama Myohaung a Janairun 1945, suka ci gaba kudu ta wajen Dalet da Tamandu. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma sai a 1946 jiragen ruwa suka yi ta dawo da su Ikko. Na daɗe ina wuce barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, sai a lokacin na san wurare ne da kakana ya taka da akwatin harsashi a kansa.

Na kai wa Goggo, 'yar'uwar mahaifina, labarin ina rarrashin murya, don ina tsoron kada ta ji an rage wa mahaifinta daraja. Ta dube ni ta yi dariya. "Kai ɗan nan, sai da ka je Kaduna ka san wannan? Ba ka taɓa ganin tsakiyar kan Baba ba? Kayan Bama ne suka cinye gashin wurin, shi ya sa ba ya cire hula. Kowa ya sani in ban da ku yara." Ta ce yakan ce mai bindiga yana da ramin da zai faɗa, mai kaya kuwa in ya yar da kayan wani ne zai kwana da yunwa.

Daga nan ta shiga labarin da ban nema ba. Lokacin da aka ɗebe shi, kakata amarya ce da goyo. Shekara ta zagayo babu labari, danginta suka matsa a je gaban alƙali a raba auren. Ta ƙi. Ta yi kaɗi, ta yi surfe a gidajen mutane, ta riƙe surukarta har tsohuwar ta rasu a hannunta. Rasitan harajin da ke adakar duk na bayan dawowarsa ne, kuma da sunansa aka rubuta su, amma Goggo ta ce na shekarun farko da kuɗin zaren kakata aka biya, don ya dawo da ciwon ƙirji bai iya noma ba.

Da kakata ta yarda an je kotu, da wataƙila na same ta a littafin alƙali, da suna da rana da shaidu. Haƙurinta ne ya sa babu ita a ko'ina. Hukuma ba ta rubuta mutum sai tana neman wani abu a wurinsa, haraji ko jangali ko ƙarfin wuyansa, ko kuma ya kawo mata ƙara. Takarda ta ba ni shekaru da sunayen koguna, kuma na gode mata, domin ba don ita ba da har yau ina riƙe da jarumin da muka ƙago a zaure. Sauran labarin a bakin Goggo na same shi. Shi ya sa da na zo rubuta wa 'ya'yana tarihin gidanmu na fara da kakata, na sa sunanta da na mahaifinta da na unguwar da aka haife ta, sannan na kawo lambar sojan mijinta a shafi na biyu.