Bazaga: Ango a Cirani, Amarya a Gida

Matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi Dogondutsi zai ratsa ƙasar Bazaga. In gero ya riga ya shiga rumbu, samari kaɗan zai tarar. Ango ya ɗaure kayansa ya tafi cirani Sakkwato ko Legas, amarya ta rage da surukarta da guga. Da dare takan kalli fim ɗin Kano a salula, tana jiran aike.

A 2023, da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya, aike ya yi wuya, kaya suka yi tsada, gardama ta shiga ɗakuna. Mahukunta su sani: ranar da aka rufe hanya, tukunyar amarya ke fara shaidawa.