Shekarar da Na Ga Kakata a Cikin Littafi

Baba likita ya so in zama, Allah bai nufa ba. Da sakamakon sakandare ya fito, sai aka ce in shiga IJMB, shirin share fagen jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Na ɗauki tarihi da ilimin gwamnati, na cike na uku da soshiyoloji, alhali ko ma'anar kalmar ban sani ba.

Bayan azahar muke shiga ajin, ga zafi, ga yunwa. Malaminmu dogo ne siriri, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Ya fara mana da Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna, sannan Emile Durkheim da littafinsa na 1897, inda ya nuna cewa ko yawan masu kashe kansu yana bin ƙarfi ko raunin alaƙar mutum da jama'arsa. Muna ta kwafa kamar hadda. Sai wata rana ya rubuta asabiyya da Larabci a allo, ya ce Ibnu Khaldun, haifaffen Tunis, ya yi bayanin abin da ke haɗa kan al'umma da abin da ke rusa daula tun 1377, a cikin Muƙaddima. Ran nan babu wanda ya yi gyangyaɗi.

Mun ɗan leƙa ilimin halayyar ɗan Adam, mun ji labarin karnukan Pavlov. Nazarin laifuka kuwa ya taɓa ni. Lombroso na Italiya ya ce a 1876 ana gane mugu daga muƙamuƙi da kunnuwa. Merton na Amurka ya ce a duba wanda aka kwaɗaita wa arziki aka kuma toshe masa hanya. Ni dai ina da abokin da muka yi makarantar allo tare, ya shiga daba bayan rasuwar mahaifinsa, kuma na san ba a kunnensa laifin yake ba.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne littafin da malam ya ara mini, Baba of Karo, wanda ya fito a 1954. Mary Smith ce ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta: aure, kishiya, ƙawance, goyon ciki, harin bayi kafin zuwan Turawa. Ina karantawa ina jin muryar kakata. Ashe hirar da nake gudu da daddare ita ce ake karantawa a Ingila.

A makon nan aka ba mu aikin zana asalin gidanmu. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Kai maigida, me kake nema wurin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya?"

"Aikin makaranta ne, Iya."

Ta share ƙasa da tafin hannu, ta fara jera ƙwayar gyaɗa, kowace ƙwaya mutum guda. Ta kai ni har kakan kakanta, ta nuna mini inda gandu ya rabu, da wanda ya tafi fatauci Gwanja bai dawo ba, da dalilin da ya sa 'ya'yan kawu taubasaina ne, 'ya'yan baffa kuwa 'yan'uwana. Da ta iso kan Baba, ɗanta na fari, sai ta ajiye ƙwayar ta kau da kai. "Sai wannan," ta ce, ta wuce. Shekara hamsin ke nan ba ta taɓa kama sunansa ba. Na sha ganin wannan alkunya, amma ran nan ne na fara tambayar kaina daga ina ta samo asali, kuma me take tsarewa.

Iya ta rasu ina aji biyu a jami'a. Takardar tana nan cikin akwatina, ta yi ja, gefenta ya tsage, da ɗigon man gyaɗa a kusurwa. Sunaye talatin da ɗaya ne a jiki. Talatin daga bakinta na ji su, ɗayan ni na cike da kaina.