Ingal da Tigidda suna kirana

Kusan kowane ɗayanmu yana da garin da ya taɓa zuwa, ya komo gida amma hankalinsa ya tsaya can. Wani Kano ce, wani Yamai, wani Abijan inda ya je biɗa. Ni nawa garin Ingal ne, da Tigidda mai gishiri, can arewa cikin jihar Agadas. Sau 2 na je. Ina neman zuwa na 3, kuma ina so in gaya muku dalili.

Zuwana na farko a watan Maris na 2015 ne. Kawuna yana kai hatsi arewa, ya sawo gishirin bisashe. Bai iya rubutu ba, shi ya sa ya ɗauke ni in riƙe masa littafin lissafi. Daga ƙauyenmu na ƙasar Madawa muka zo Tawa, muka hau kamyo. Muka bi hanyar da aka shimfiɗa wajen 1980 saboda ma'adinin iraniyom na Arlit. A lokacin duk ta farfashe, mota tana tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa. Muka wuce tabkin Tabalak da garakensa, muka wuce Abalak. Daga nan gonaki suka yi ta raguwa har suka ɓace.

Ingal garin ƙasa ne mai ƙananan lunguna. Garaken dabino suna jere a bakin ƙorama. Akwai wani dabino mai taushi da suke kira almadina, sun ce kakanninsu ne suka zo da irinsa daga Madina. Mutanen garin suna da harshensu, sunansa Tasawak. Ya haɗa dangi da Zabarmanci, kuma ya ɗebi kalmomin Buzanci da yawa. Amma a kasuwa Hausa ta ishe ka ciniki.

Tigidda tana arewa da Ingal, wajen kilomita 80. Buzaye suna ce mata Tigidda-n-Tesemt, don tesemt shi ne gishiri a bakinsu. Ba inuwa, ba ciyawa. Ruwan sha mai daɗi daga nesa ake kawo shi. Da muka iso sai na ce a raina, me ya zaunar da mutane a nan? Da gari ya waye na hau wani tudu, sai na gani.

Ramuka ne ɗaruruwa, manya da ƙanana, kamar an jera ƙore a ƙasa. Wani ruwansa ja, wani rawaya, wani ya yi fari fat. Ga yadda aikin yake. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba cikin babban rami. A kawo ruwan zartsi daga rijiya a kwarara a kai, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwanta. Sannan a kwashe ruwan sama a zuba cikin ƙananan ramukan. Sauran aiki na rana ne. In ruwan ya fara yin ɓawo a sama, sai a yayyafa masa ruwa ɓawon ya nutse, don kada ya tare rana. Da ya ƙafe, mata su kankare gishirin, su cura shi, su shanya. Ƙasar da aka gama wankewa kuwa a zubar gefe. Tudun da na hau ma ita ce, ta taru shekara da shekaru. Ƙafafun ma'aikatan duk sun tsattsage. Tun daga ranar ban ƙara yin dogon ciniki da mai gishiri a kasuwarmu ba.

Kusa da nan akwai kufan Azelik. Masana tarihi da yawa suna ganin shi ne tsohon garin Takadda, wanda matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a cikinsa a 1353, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake haƙa. Jan ƙarfe ya ƙare, gishiri yana nan.

Abin da na rubuta cikin littafin kawuna shi ya fi zauna mini. Shafi ɗaya buhunan hatsi da suka sauka, ɗaya shafin gishirin da ya hau. Ba a noman hatsi a Tigidda, tuwonsu daga gonakin kudu yake. Mu kuma saniyar da ta rasa gishiri kun san ta: tana lasar bango, tana ramewa, nono ya ja baya.

Zuwana na 2 a watan Satumba na 2018 ne, lokacin lasar gishiri. Ban gane wurin ba. Filin Irazar da na bari busasshe ya zama kore iyakar ganin ido, ga laka mai kama ƙafar mota. Shanu jajaye masu dogon ƙaho, raƙuma, tumaki, awaki, ko'ina. Ciyawar wurin da ruwansa da ƙasarsa duk akwai gishiri a ciki. Bisa ta ci, ta sha, ta lasa, jikinta ya murje.

Gwamnati tana shirya bikin kwana 3. Manya su zo daga Yamai su yi jawabi, a yi wa bisashe allura, a yi wa mutane takardun haihuwa. Wannan yana da amfani. Amma ni daɗin yana bayan la'asar, in motocin manya sun tafi. Matan Buzaye su ɗaure fata a bakin turmi, ya zama ganga, shi ne tende. Suna kiɗa suna tafi, maza a kan raƙuma suna kewaya su, raƙumi yana taka ƙafa daidai da kiɗan. Can gefe samarin Woɗaɓe sun shafe fuska, sun yi layi, suna nuna farin ido da farin haƙori. Da dare a hura gawayi a dafa shayi, a miƙo maka cuku. Ba wanda ya tambaye ni me na zo yi kafin na ci na sha.

A bakin wutar shayin nan na zauna da wani tsohon Bafillace. Da ya ji daga ƙasar Madawa nake, sai ya fara lissafa mini zangon da yake yi daga wajenmu har Ingal. Tabki kaza, rijiya kaza, fako kaza, duk a kansa, ba takarda. Amma kowane suna na 3 ko na 4 sai ya ce, nan yanzu gonar wake ce. Ya ce akwai inda burtali ya matse har shanu 2 ba su iya jerawa. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ni manomi ne ɗan manomi, na san yadda ake yi: bana ka ƙara kunya 1 cikin burtali, baɗi ka ƙara 2.

To, jama'a, mu duba. Me ya sa bisashe suke hawa arewa da damana? Don gishiri da ciyawa, gaskiya ne. Amma kuma tafiyarsu ita ke ba hatsinmu wuri ya girma. Suna can har a yi girbi, hukuma ta sa ranar sakin gonaki, su gangaro su ci kara su bar mana taki. In hanyar hawa ta toshe, garke zai tsaya a bakin gonakinmu, kuma kun san abin da ke biyo baya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Duk da haka gonaki sun tsallake iyakar a wurare da yawa. Mutane sun ƙaru, ƙasa ta gaji, ban ce manomi ba shi da hujja ba. Amma takarda a Yamai ba ta buɗe burtali, sai mutanen gari da kwamitin filaye, wato Kofo, sun fito sun kafa alama.

Shi ya sa zuwana na 3 ba a mota nake son yin shi ba. Ina so in bi Bafillacen da ke kiwon shanun garinmu, da ƙafa, tun daga bayan gari har Irazar. Makarantarmu ta yaƙi da jahilci da rani take aiki, da damana ina da sarari. Zan riƙe littafi da alƙalami. In rubuta sunan kowane tabki da kowace rijiya, da inda hanya take da faɗi, da inda ta matse. In na komo, shi za mu karanta a aji, manoma da makiyaya tare, sannan mu kai wa Kofo. Kuma, kada in ɓoye muku, ina marmarin almadina da shayin dare.

Abin da ya tsai da ni abu 2 ne. Na farko tsaro. Tun kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan Tilliya a watan Maris na 2021, innata ba ta son jin an ambaci arewa. Na gaya mata Tilliya tana yamma, hanyarmu tana gabas, ta ce ita duk arewa ce. Na 2 gonata. Wannan kam mun shirya da ƙanena: zai yi mini noman fari da maimai, in ba shi dami 1 cikin kowane 5. Bafillacen ya ce in sami takalmi mai ƙarfi da salka, kuma in fara koyon tafiyar yini tun yanzu, don shanu ba su jiran malami. Mun bar magana a kan sai ruwa ya sauka, mu ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka riga mu tashi.