Inabin da ke haye dutse: kwana a gonar iyalan Hochar

Da asuba muka bar Bairut, muka kama hanyar Dimashƙa. Mota ta yi ta nishi tana hawa har mashigar Dahr al-Baidar, sannan muka gangara kwarin Biƙa'a, wanda shi kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,000. Sanyin safiyar sai ka ce na Jos.

Ni dai ba mashayi ba ne, kuma ban je don in ɗanɗana ba. Abin da ya kai ni shi ne labarin wani gida na Kiristoci, iyalan Hochar, masu kamfanin giyar inabi na Château Musar, waɗanda suka riƙe sana'a ɗaya tun 1930 a ƙasar da yaƙi bai cika barinta ta huta ba.

A gonakin da ke kusa da ƙauyen Aana na tarar da masu tsinka, yawancinsu Larabawan ƙauye, mata sun naɗe fuska da mayafi saboda ƙura. Kurangar inabin gajeru ne, ba su wuce ƙugu ba, don haka aikin duk a sunkuye ake yinsa. Wata dattijuwa ta ɗaga ganye, ta sa 'yar wuƙa ta yanke nono guda, baƙi sidik da farin gari-gari a bayansa, ta miƙo min. Zaƙinsa har da kama maƙogwaro. Kafin hantsi ya dubi ludayi an cika kwanduna an loda a mota, domin idan rana ta yi zafi inabin zai fara tsami tun a hanya.

To, hanyar nan ita ce labarin. Gaston Hochar, kakan gidan, ya yi noma a Biƙa'a, amma wurin matsa da ajiya ya kafa shi a Gazir, garinsu, can ƙetaren dutse a saman gaɓar Juniya. Kullum sai inabi ya haye Dutsen Labanan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, wannan hanya ta koma ta shingayen mayaƙa da ruwan harsasai, har zuwa 1990. Serge, ɗan Gaston, wanda ya karɓi ragamar haɗa giyar a 1959, ya kuma yi karatu a Bordeaux, ya ƙi rufe gida. A 1976 abin ya gagara, ba a yi komai ba. A 1984 motocin sun yi ta zagaye kwanaki kafin su iso. Wani zai kira wannan jarumta. Ni na fi ganin taurin kai, kuma direbobin da suka sa wuyansu sun cancanci rabin yabon.

Muka bi bayan wata motar inabi har Gazir. Rumbun ajiyar a cikin dutse aka haƙa shi, da duhu da danshi, kwalabe jere bisa jere, yanar gizo-gizo ta lulluɓe su, ba mai sharewa. Jar giyarsu ta musamman sai ta shekara bakwai kafin a fitar da ita kasuwa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai ce wannan ai kashe jari ne.

Yaƙin da ya kashe musu kasuwar gida shi ya tura su waje. A 1979 Serge ya kai kayansa baje-kolin Bristol a Ingila, masana suka yaba, kuma a 1984 mujallar Decanter ta ba shi lambar gwarzon shekara, shi ne na farko da ya samu. Ya rasu a ƙarshen 2014 wurin iyo a teku a ƙasar Meziko. Yanzu 'ya'yansa Gaston da Marc da ɗan ƙaninsa Ralph ke riƙe da gidan, kuma mafi yawan abin da suke yi ƙasashen waje ake kai shi.