Agege, Garin Goron Da Ke Neman Inuwa

Matafiyin da ya biyo jirgin ƙasa daga Ibadan ya nufi Ikko, in ya wuce Abeokuta da Agbado, sai ya ga jirgi ya tsaya a Agege. Da saukarsa zai ji Hausa ta ko'ina, kamar a Fagge ya sauka. Ga masu shayi, ga masu tsire, ga dillalan shanu da ke zirga-zirga zuwa mayankar Oko-Oba. Amma in rana ta take ya nemi gindin itacen da zai raɓa, sai ya yi tafiya mai nisa bai samu ba. Kwano ne da siminti iyakar ganinsa.

Alhali kuwa itace ne ya kawo Hausawa wannan wuri. Ana cewa sunan garin ma daga kalmar Yarabanci ya samo asali, mai ma'anar masu saran itace. Cikin 1901 aka buɗe hanyar jirgi daga Ikko zuwa Ibadan, ta ratsa ta Agege, kana cikin 1912 jirgin Ikko ya fara isa Kano. A wannan zamani ƙasar Agege gonakin koko ce. Wani babban manomi mai suna Jacob Kehinde Coker, wanda gonarsa ke Ifako, shi ne jigon ƙungiyar manoman Agege da aka kafa cikin 1907. Daga baya manoma suka dukufa ga shukar goro, fatake Hausawa kuwa, waɗanda kakanninsu ke shan wahalar hanyar Gwanja, suka ga goro ya zo bakin reluwe. Nan suka yi zango, suna saye suna ɗaure huhu suna aikawa Arewa, har zangon ya zama gari da sarkinsa.

Goro ya kawo mutane, mutane kuma suka cinye gonakin goron da gine-gine. Cikin 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, cikin 2024 kuma sabon jirgin cikin gari ya fara tsayawa a Agege. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai ƙasar da aka rufe da siminti ba ta shan ruwan sama, ga shi kuwa ruwan da ke sauka a Ikko ya kusa ninka na Kano sau biyu, saboda haka da an yi marka sai lunguna su cika. Da rani kuma kwano da kwalta su riƙe zafi har tsakar dare. Tsuntsayen da suka saura a sarari su ne masu cin abin da mutum ya zubar, watau hankaka da shirwa, sai balbela a wajen mayanka. Yaro yana iya girma a nan bai taɓa ganin sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki ba.

Duk da haka, wanda ya bar bakin titi ya shiga lungu zai tarar ba a rabu da shuka ɗungum ba. Bayan wani gida ga gwanda ta leƙo ta kan katanga, a wani ga ayaba kusa da makwarara, a wani ga zogale cikin tsohon bokiti. Yawanci don miya ko magani aka shuka su, amma in mutum ya tsaya da sassafe zai ga ba masu gida kaɗai ke amfana ba. Da za a tsara irin wannan shuka da niyya, da ɗan filin da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba ya isa ya jawo baƙi masu fiffike.

Dabarar ita ce a kwaikwayi kurmi, inda tsiro ke hawa-hawa. Hawa na sama shi ne itace guda mai 'ya'ya, kamar gwaiba ko lemun tsami ko gwanda. Babban itace irin su dogon yaro ba na ƙaramin gida ba ne, don saiwarsa na iya tsaga gini. Wurinsa harabar masallaci ko makaranta. Tsuntsaye na cin nunanniyar gwaiba da rana, jemage ya zo da dare, su kuma watsa irin a wasu wurare. Lemun tsami kuwa yana da baƙo na musamman, wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya, wanda ke saka ƙwansa a kan ganyen. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, don kada a cinye ta. Ganye kaɗan take ci, wanda ya kashe ta kuwa ya kashe adon lambunsa.

Hawa na tsakiya shi ne ƙananan itatuwa masu duhuwa, kuma shi ne mafi muhimmanci, domin ƙaramin tsuntsu ba ya zama inda ba shi da mafaka. Lalle yana yin shinge mai kauri, furensa ga ƙamshi. Shuwaka, wadda Yarabawa ke miya da ita, reshe kawai ake yankowa a soka a ƙasa ta kama, in ta yi fure da rani ƙudan zuma ba ya rabuwa da ita. Zogale ma haka, in ana sare kansa sai ya yi rassa bai yi tsawo ba, farin furensa kuma yana kiran ƙudan zuma da sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ke tsotsar zaƙin fure. Abin lura ga mutumin Arewa shi ne, lalle da zogale ba su son ruwa ya kwanta a gindinsu. A ƙasar Ikko sai an tada kunya, ko a shuka su cikin mazubin da aka huda ƙasansa.

Hawa na ƙasa shi ne kayan miya, irin su ɗaɗɗoya da kuɓewa da yakuwa. A riƙa barin kaɗan su yi fure su yi iri, domin kurciya da tsada ƙwayar da ta zuba suke tsinta. Busasshen ganye ma kada a share shi duka a ƙona. A tara shi a gindin itace, nesa da ɗakin kwana saboda maciji, a nan ƙwari za su taru, ƙadangare da kwaɗo su samu abinci.

Saura abu biyu. Na farko ruwa: kasko mara zurfi a ɗora shi inda kyanwa ba ta kai ba, a kuma sake ruwan duk bayan kwana biyu, domin ƙwan sauro cikin kamar mako guda yake zama sauro. Na biyu, a guji feshin maganin ƙwari, don shi ba ya bambanta tsutsa da ƙudan zuma, tsuntsun da bai samu ƙwaro ba kuwa ba zai ciyar da 'ya'yansa ba.

Ba a ce abin ba shi da wuya ba. Yawancin mazauna Agege 'yan haya ne, sai da yardar mai gida za su haƙa rami. Akwai kuma awaki, da ragunan da ake ɗaurewa gabanin Layya, waɗanda ke iya cinye aikin shekara cikin yini guda in babu shinge. Amma ɗan haya yana da bokiti da buhu da tsohuwar taya, in ya tashi ya tashi da lambunsa. Shugabannin unguwa da kwamitocin masallatai kuma suna da harabar da za ta ɗauki manyan itatuwa.

Hukuma ta yi nata. A zamanin Gwamna Babatunde Fashola aka keɓe ranar 14 ga Yuli don dashen itatuwa a Jihar Legas. Tun cikin 1990 kuma aka killace wani kurmi mai hekta 78 a Lekki, inda birai da tsuntsaye ke zaune lafiya. Amma Lekki da nisa daga Agege, kuma sha-kauci ba ya tsallake gari guda sai ya samu inda zai yada zango, daga wannan katanga zuwa waccan. Hausawan Agege sun fi kowa sanin amfanin zango, gama da shi kakanninsu suka zo. In kowane gida ya tsai da itace guda da shinge guda da kasko guda, to, yaran unguwa za su tashi sun san kukan tsuntsu, tsofaffi kuma su samu inda za su shimfiɗa buzu da la'asar. Allah Ya ba da ikon yi, amin.